Wanda ya tayar da tsohuwar kwamfuta don buga Mario ba ɓarawo ba ne

Mun san akwai waɗanda za su ja tsaki tun daga ganin take, su ce wai duk matsalolin da ke gabanmu a rasa abin da za a liƙa a saman zaure sai maganar gem. Su daure su karanta, domin da su muke.

Akwai wasu mutane a warwatse cikin duniya da suka ɗora wa kansu wani aiki. Sukan ɗauki Linux, manhajar nan mai tafiyar da kwamfuta da Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, su yi ta fiƙe ta suna zubar da duk abin da ba a buƙata, har ta zama 'yar mitsitsiya da za ta zauna a filash ko memori. Sai su ɗora mata manhajojin da ke kwaikwayon tsofaffin na'urorin gem. Ka cusa filash ɗin a jikin kwamfutar da aka yi shekara goma da jinginewa, ka kunna, ta tashi kai tsaye zuwa jerin wasanni: Mario, Contra, Sonic, Street Fighter. Zargi biyu ake jifan mutanen nan da su, ƙuruciya da sata. Mu kuma muna cewa aikinsu na adana tarihi ne da ceton kayan da ake shirin zubarwa a bola, kuma manyan kamfanonin da ke kai ƙara kotu sun daɗe suna cin gajiyar wannan aikin.

Mu fara da zargin ƙuruciya, domin shi ya fi sauƙin rushewa. Wanda ya ce wasan yara ne bai san abin da ke faruwa a cikin akwatin ba. Na'urar Famicom da Nintendo ya fitar a Japan a 1983, wadda ta shiga Amurka da sunan NES a 1985, ƙwaƙwalwarta na gudu ne a kan megahaz 1.79, ram ɗinta kuma kilobait 2 kacal. Super Mario Bros. gaba ɗayansa, da kiɗansa da duniyoyinsa takwas, kilobait 40 ne, bai kai nauyin hoto guda da muke turawa a WhatsApp ba. To amma an rubuta wasan ne da yaren waccan ƙwaƙwalwar, kwamfutar yau ba ta jin sa. Emuleta, wato manhajar kwaikwayo, ita ce tafintan da ke tsakani. Tana karanta umarnin wasan ɗaya bayan ɗaya, ta fassara wa sabuwar na'ura, kuma dole ta yi hakan a daidai lokacin da tsohuwar za ta yi, tana kwaikwayon guntun da ke zana hoto da wanda ke fitar da sauti duk a tare. In ta makara da ƙiftawar ido, sai kiɗa ya sarƙe ko hoto ya yage.

Wannan tafintanci yana cin ƙarfi fiye da yadda hankali zai ɗauka. Ƙwaƙwalwar Super Nintendo ba ta wuce megahaz 3.58 ba, amma marigayi Near, wanda aka fi sani da byuu, da ya ƙuduri niyyar kwaikwayonta ba tare da ha'inci ba a manhajarsa ta bsnes, sai da ya bukaci kwamfuta mai kimanin gigahaz 3. Kusan ninki dubu ke nan. Emuletocin da suka riga tasa sun fi sauri ne saboda suna yanke, suna toshe ɓaraka wasa-wasa, shi ya sa shahararrun wasanni ke tafiya lafiya, waɗanda ba a san su ba kuma su maƙale a tsakiya. Saboda haka duk wanda zai kwaikwayi tsohuwar na'ura a kan kwamfuta mai rauni, kowane ɗigon ƙarfi yana da daraja a wurinsa, ba zai yarda wata manhaja ta zauna a bayan fage tana sha masa ba.

Nan ne maganar feƙe Linux ta shigo. Windows 11 tana neman ram gigabait 4, da wurin ajiya gigabait 64, da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 kafin ma ta yarda ta zauna. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kula da Windows 10 na gama-gari. Ma'anar haka ita ce miliyoyin kwamfutoci masu rai da lafiya an yanke musu hukuncin tsufa da alƙalami. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 kaɗai duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sake sarrafawa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu da muke sayen kwamfutocin gwanjo mun san inda wani kaso na kayan nan ke ƙarewa, a kasuwanninmu ne da kwatocinmu. Laftof ɗin da ke nishi kafin ta buɗe shafin intanet guda, in aka sauke mata wancan kayan nauyin aka ɗora mata ƙaramar Linux, za ta buga wasannin NES da Mega Drive da PlayStation na farko ba tare da gumi ba.

Yadda ake ginin ma abin a tsaya a duba ne. Akwai wani kayan aiki mai suna Buildroot. Shi ba Linux ɗin da za ka kunna ba ne, masana'anta ce ta ƙera Linux. Zai buɗe maka jerin zaɓi, ka faɗa masa irin ƙwaƙwalwar na'urarka, ka zaɓi kanel, wato zuciyar Linux da ke magana da ƙarfe, ka yi alama a kan direbobin da kake so: na allo, na sauti, na hannun gem, na wayafai in kana bukata. Na firinta ka bar shi, na sikana ka bar shi. A madadin ɗaruruwan ƙananan manhajojin umarni, sai ya sa maka BusyBox, guda ɗaya mai yin aikinsu a taƙaice. Babu tebur mai gumaka, babu ofis, babu mai leƙen sabuntawa da zai cinye maka data. Ka ba shi umarni ya yi ta harhaɗawa na sa'o'i, a ƙarshe ya miƙo maka fayil guda da za ka rubuta a filash. Da wannan hanyar aka gina Recalbox ta Faransawa, da Batocera da ta ɓalle daga jikinta a 2016. Lakka, wadda masu RetroArch ke kula da ita, an ɗora ta ne a kan LibreELEC. RetroPie kuwa, da ta fara a 2012, shekarar da kwamfutar Raspberry Pi mai dala 35 ta fito daga Ingila, ta bi wata hanyar dabam: cikakkiyar Linux ce a ƙasa, aka jera kayan gem a samanta. Ta fi nauyi, amma ta fi barin mutum ya taɓa ko'ina.

Akwai dabara guda a irin ginin Batocera da Lakka da ya kamata duk wanda ke zaune a inda ake ɗauke wuta ba sallama ya yaba. Jikin manhajar a dunƙule yake cikin fayil ɗin da ake karantawa kawai, ba a rubutu a kansa. Wasanninka da ajiyar inda ka tsaya suna wani ɓangare nasu na dabam. In wuta ta tafi ana tsaka da wasa, mafi muni ka rasa ajiyarka ta ƙarshe, amma jikin na'urar zai tashi gobe kamar yadda ya tashi yau. Waɗanda suka taɓa ganin kwamfuta ta ƙi tashi bayan ɗaukewar wuta sun san darajar wannan.

Sai maganar jinkiri. Wasannin nan suna zana hoto 60 a kowace daƙiƙa, kowane hoto na da milisakan 16.7. An tsara tsallen Mario ne a kan tsohuwar talabijin mai tulu wadda ke nuna abu nan take. Duk wani mataki da aka ƙara tsakanin yatsanka da allo yana iya cin hoto ɗaya ko biyu, sai ka danna amma ka faɗa rami, ka zaci tsufa ne ya kama ka. Masu feƙe Linux suna cire matakan nan, su bar emuleta ta yi magana da allo kai tsaye. A 2018 RetroArch ta ƙara wata dabara inda take lissafa hoton gaba a ɓoye kafin a nuna shi, don ta rage jinkirin da ke cikin wasan kansa. Wanda ya fahimci wannan ya san ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya san kanel, ya san tsarin fayil, ya san harhaɗa manhaja don na'urar da ba irin tasa ba. Ilimin da ake gina rauta da na'urar POS da dikoda da shi ke nan. Da yawanmu mun zauna a ajin kwamfuta a foli, mun haddace ma'anar manhajar tafiyar da kwamfuta don jarrabawa, ba a taɓa sa mu gina ko guda ba. A ce wanda ya gina tasa a ɗaki shi ne mai wasan yara?

Yanzu zargin sata, wanda shi ne mai nauyi, musamman a zaure irin namu. Mun san zafin a wayi gari a ga littafin da mutum ya yi shekara yana rubutawa yana yawo kyauta a gurup-gurup. Don haka ba za mu yi wa maganar kwaskwarima ba.

Abu biyu ne ake cakuɗawa. Emuleta dabam, rom dabam. Emuleta rubutun wanda ya rubuta ta ce, da guminsa. Rom kuwa kwafin wasan ne da aka zuƙo daga kaset ko faifai, kuma shi ke da mai haƙƙi. A kan emuleta an riga an je kotu. Sony ya kai ƙarar kamfanin Connectix saboda manhajarsa ta Virtual Game Station da ke buga wasannin PlayStation a kwamfutar Mac, kuma a 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ce binciken da Connectix ya yi don gano yadda na'urar ke aiki bai saɓa doka ba. Sony ya kuma bi wani ƙaramin kamfani mai suna Bleem, bai kayar da shi a gaban alƙali ba, amma kuɗin lauyoyi suka durƙusar da shi a 2001. Ku lura da wannan salon, domin har yau da shi ake aiki: in ba ka da gaskiyar da za ta ci shari'a, kana da aljihun da zai gajiyar da abokin shari'a.

Abin dariyar ya zo daga baya. A 2016 Nintendo ya fitar da NES Classic, ƙaramin akwati mai wasanni 30 a kan dala 60. Da masu bincike suka buɗe cikinsa, me suka tarar? Ƙaramar Linux da emuleta a kanta. Emuletar tasu ce, amma tsarin shi ne dai wanda 'yan sa-kai suka yi shekaru suna yi. Na Sony ya fi muni. PlayStation Classic ta 2018 tana aiki ne da PCSX ReARMed, emuletar kyauta da 'yan sa-kai suka rubuta, irin aikin da kamfanin ya yi ta kai wa kotu shekara goma sha takwas kafin nan. Kuma ko ita ba su iya saita ta da kyau ba. Tara daga cikin wasanni 20 da ke ciki sun sa na tsarin PAL ne, mai hoto 50 a daƙiƙa maimakon 60, wasan na jan ƙafa. Yaro mai Raspberry Pi a ɗakin uwarsa ya fi su sanin wannan bambancin. Laifi tudu ne dai.

A kan rom kuwa, ga matsayarmu. Wanda ya sauke wasan da mai shi ke sayarwa a yau, ya ci gumin wani, ko da a kan Linux mai tsarki ya buga shi. Ba mu zubar da hawaye ba lokacin da masu Yuzu, emuletar Switch, suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 a Maris 2024, domin na'urar tana kasuwa, kuma an yi ta buga sabon Zelda na sata tun kafin ranar fitowarsa. Wannan ba adana tarihi ba ne.

To amma wasa nawa ne ake sayarwa? A Yuli 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar da bincike da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba sa kasuwa. Ko kana da kuɗin, babu mai sayar maka. A Maris na shekarar Nintendo ya rufe shagunan intanet na 3DS da Wii U, wasannin da can kaɗai ake samun su suka bi shagon. Da ɗakunan karatu suka nemi izinin bai wa masu bincike damar duba tsofaffin wasanni daga nesa, kamar yadda ake yi da littafi, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi a Oktoba 2024, bayan ƙungiyar kamfanonin gem ta yi adawa da buƙatar. A dokar Amurka aikin kamfani na da kariyar shekara 95, wato Mario na 1985 ba zai zama na kowa ba sai bayan 2080. Kafin lokacin batirin da ke cikin kaset ya mutu, faifai ya ruɓe, kafasitocin na'urar sun zubar da ruwa sun cinye allonta.

Wanda ke ganin tsoro ne kawai muke bayarwa ya nemi labarin Satellaview. Daga 1995 zuwa 2000 ana watsa wasanni ta tauraron ɗan'adam zuwa Super Famicom a Japan, su sauka a wani ɗan kaset da ake gogewa a rubuta sabo a kai. Babu inda aka sayar da yawancinsu. Abin da ya tsira a hannun jama'a, ciki har da wani Zelda na musamman, ya tsira ne saboda masu sha'awa sun bi kasuwannin gwanjo suna sayen kasakasan nan suna zuƙo abin da ya rage. Wasu har yau ba a same su ba. Haka MAME, da Nicola Salmoria ɗan Italiya ya fara a 1997, manufarta a rubuce ita ce tattara bayanin yadda injinan gem na shaguna ke aiki kafin su zama ƙarfen jari-bola. Mu da muke neman wasu littattafan Hausa na shekarun 1990 muna rasawa, har a wurin waɗanda suka rubuta su, bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Da a ce wani ya adana kwafi guda a lokacin, yau godiya za mu yi masa.

In ana neman ɓarawo a wannan harka, akwai shi, kuma a fili yake kasuwancinsa. Shi ne mai haɗa sandar gem ɗin nan da ake cusawa a bayan talabijin, kwali na ihun wasanni 10,000 ko 20,000. Jikan kaset ɗin nan ne na ƙuruciyarmu mai cewa wasa 9999 a ciki, ka kunna ka tarar guda biyar ne ake ta maimaitawa. Masu haɗa su sukan kwashi Linux ɗin da 'yan sa-kai suka gina, su goge sunansu, su cika memori mafi arha da rom ɗin mutane, su sayar. Sun ci haƙƙin masu wasannin, sun kuma ci na masu emuleta, domin irin su Snes9x da Genesis Plus GX lasisinsu ya hana a yi kasuwanci da su. Tun a 2014 masu RetroArch suka zargi kamfanin Hyperkin da yin haka a na'urarsa ta RetroN 5. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mai saye kuma, ranar da memorin ya mutu, ba shi da abin yi sai ya jefar da sandar ya ƙara wa bola nauyi, tunda bai san me ke cikinta ba.

Ba za mu ƙyale namu ba. Akwai masu sauke dunƙulallen fayil na gigabait 128 da wani ya cika da wasannin sata, su rubuta a memori, su zo suna cewa sun haɗa na'ura. Ba ku haɗa komai ba, kun yi kwafe ne. Ku fara da Batocera ko Lakka tsurarta a kan tsohuwar laftof ɗin gida, ba sai kun goge abin da ke cikinta ba tunda daga filash take tashi. Wasannin halal suna nan. Akwai Freedoom na kyauta, akwai sababbin wasanni da ake rubuta wa tsofaffin na'urori, irin Micro Mages na 2019 da wasu mutum biyu a Jamus suka cusa cikin kilobait 40 kuma suke sayar da rom ɗinsa da kansu. In ƙafa ta zauna, ku buɗe Buildroot ku cire direba guda ku ga abin da zai daina aiki.

Akwai kuma ƙofar da ta buɗe wa masu alƙalami musamman. Wasan Mother 3 ya fito a Japan a 2006, Nintendo bai taɓa fitar da shi da Turanci ba, sai masu sha'awa suka fassara shi suka saki a 2008. Abin da suka raba faci ne, ɗan fayil mai ɗauke da fassararsu kaɗai, wanda mutum zai ɗora a kan nasa kwafin. Babu abin da ya hana a yi irin wannan da Hausa, kuma a fara da wasannin da masu su suka ba da izini. A NES kowane harafi zane ne a murabba'in ɗigo takwas-takwas, don haka ƙ da ɗ da ɓ zana su za a yi da hannu a gurbin q da x da v da ba ma amfani da su. Layi guda na allon haruffa 32 yake ɗauka, sau da yawa ma gurbin da aka ware wa kalma bai wuce tsawon ta asali ba. "Start" ta ba mu gurbi biyar, "Fara" ta shiga har da saura. "Continue" takwas ce, "Ci gaba" bakwai. "Game Over" ce mai gardama: gurbi tara ne, "Wasa ya ƙare" kuma goma sha biyu. "Ka mutu" ta shiga amma ta bar mata a waje, "An gama" ta shiga amma ba ta da zafin faɗuwa. Mu dai mun fi karkata ga "Ta ƙare", wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo, muddin ba ta wuce gurbi tara ba.